TANKIN MAN JIRGIN RUWA: DUBA SHI, GYARA SHI, DA SANIN RANAR SAKE SHI

Wannan takarda domin manoman bakin ruwa aka rubuta ta, musamman na ƙasar Yawuri da Ngaski da Borgu, waɗanda gonakinsu ke cikin gungu ko a tsallaken Kogin Kwara. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya yi faɗi, tafiyar da a da ake yi da filafili ta koma sai da inji. Yau jirgi mai inji shi ne jakin manomin bakin ruwa. Shi ke kai taki da iri gona, shi ke kawo albasa da shinkafa kasuwa, shi ke kai mara lafiya asibiti.

Kowa yana kula da injinsa. Ana goge shi, ana rufe shi da buhu, ana kai shi wurin makaniki. Amma jan tankin nan da ke kwance a gindin jirgi, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi, a taka shi, a ɗora masa buhu, ba mai waiwayarsa. Alhali kuwa duk abin da inji zai sha daga cikinsa yake fitowa.

Bara da rani na biyo wani manomi daga gungu, mun ɗauko albasarsa za mu kasuwa. Muna tsakiyar ruwa inji ya yi tari ya mutu. Aka ja igiya har hannu ya gaji, ga iska ta taso tana tura mu wajen kututturan itatuwan da ruwa ya cinye. Sai bayan magariba muka kai gaɓa da filafili, kasuwa ta watse, albasar ƙasa ta sha ruwa. Sau biyu mutumin nan ya biya makaniki kuɗin wanke kafireto a cikin watan. Da muka juye tankinsa washegari, sai ga ruwa da garin tsatsa sun kusa cika kwalba. Ashe injin lafiyarsa lau.

ABIN DA KE TSOFAR DA TANKI

Tanki iri biyu ne, na ƙarfe da na roba. Wanda aka fi gani shi ne mai cin lita 24 ko 25, akwai kuma ƙarami mai lita 12. Abokan gabansu huɗu ne.

Na farko rana. Hasken rana yana cin roba a hankali. Jan launi ya koɗe ya koma fari-fari, fatar ta yi gari, daga nan ta bushe ta fara tsagewa kamar ƙasar fadama da bazara.

Na biyu zafi da sanyi. Da rana fetur yana tururi, tanki ya kumbura. Da dare ya huce, ya motse. Yau kumburi gobe motsewa, ta haka kusurwoyi da layin haɗi da gindin murfi ke gajiya har su buɗe.

Na uku ruwa. Iskar da ke shiga tanki tana ɗauke da laima, da sanyin asuba sai ta zama raɓa a jikin tankin daga ciki. Ruwan sama da feshin igiyar ruwa su ma suna shiga ta murfin da ya saki. Ruwa ya fi fetur nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na kilo. Saboda haka ruwa ƙasa yake kwanciya, daidai inda bututun tanki ke zuƙo mai. A tankin ƙarfe, nan tsatsa ke farawa.

Na huɗu mugun mai. Fetur ɗin da ya daɗe a ajiye cikin zafi yana yin danƙo, ya toshe rariya da ƙananan ramukan kafireto. Wanda aka gauraya da wani abu kuma yana cin tiyo da robar murfi. Ka tuna a watan Fabrairu na 2022 kowa ya ji labarin gurɓataccen fetur da aka shigo da shi Nijeriya, mai sinadarin metanol fiye da kima, wanda ya lalata injuna da yawa.

YADDA ZA KA DUBA TANKINKA

Ka yi wannan aiki sau biyu a shekara: kafin faɗuwar damina, da kuma kafin a fara kwasar amfanin rani. Ka yi shi a kan tudu, a fili, inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da fitila da mai shan taba. Kori yara.

1. Juye man da ke ciki a wani mazubi mai tsabta. Ragowar ƙarshe ka zuba a kwalbar gilashi, ka ajiye ta minti goma. In akwai ruwa za ka ga ya kwanta a ƙasa, layi ya raba su. In man ya yi duhu, yana warin tsohon fenti, ya lalace.

2. Wanke bayan tankin da ruwan omo, ka bar shi ya bushe. Datti yana ɓoye tsaga.

3. In na roba ne, ka karce shi da farce. In gari ya biyo farcenka, rana ta fara cinsa. Sa'an nan ka danna gefensa da babban yatsa. Roba mai rai tana lotsawa ta dawo. Wadda ta mutu tana ƙara, ko ka ga ƙananan tsagogi sun buɗe baki.

4. In na ƙarfe ne, ka kifa shi ka duba gindi da layin haɗi. Inda fenti ya yi bororo, akwai tsatsa a ƙarƙashi. Girgiza shi kusa da kunnenka. In ka ji kamar yashi, tsatsar ta ci ciki. Kada ka kuskura ka leƙa cikinsa da ashana ko fitilar kwai. Juya bakinsa wajen rana, haskenta ya isa.

5. Duba murfi. Akwai zoben roba a cikinsa, in ya bushe ko ya tsinke, ruwa zai shiga, mai zai fita. A saman murfin akwai ɗan sukurun iska. Murɗa shi ka ga yana buɗewa yana rufewa, kuma raminsa bai toshe ba.

6. Lanƙwasa tiyo daga wannan kai zuwa wancan. In ya yi tauri kamar kara, ko ya yi laushi yana manne wa hannu, ya gama aiki. Matsa famfon tiyo, watau robar nan mai kamar ƙwai. In ba ta dawowa, ko ta tsattsage, ita ma ta gama.

7. Gwajin yoyo. Zuba mai kamar lita biyu, rufe murfi da sukurun iska, ajiye tankin a rana ɗan lokaci kaɗan har ya soma ɗaurewa. Shafa kumfar omo a layin haɗi da kusurwoyi da gindin murfi da inda bututu ya fito. Duk inda kumfa ke hurowa, nan ƙofa take. Da ka gama ka mai da shi inuwa, ka sassauta sukurun a hankali. Kada ka kai shi wurin mai faci ya hura masa iska da inji, ba a yi shi don wannan ba.

WANDA ZAI GYARU DA WANDA BA ZAI GYARU BA

Ga ƙa'ida, ka riƙe ta: kayan jikin tanki ana sakewa, amma gangar jikin tanki in ta huje ba ta da magani.

Tankin da ya koɗe kawai, robarsa na da rai, bai yi kumfa a gwaji ba, zai gyaru. Haka na ƙarfe mai tsatsar sama-sama wadda sanfefa ke ɗaukewa ta bar ƙarfe mai kauri.

Amma ka sallami tanki in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: tsaga komai ƙanƙantarta, roba mai ƙara in an danna, tankin da ya kumbura ya ƙi komawa, har ba ya zama daidai a ƙasa, zaren murfi ya cinye, ramin tsatsa ko da kamar na allura ne, ko danshin mai a gindi kullum safiya. In ka ga rami ɗaya a ƙarfe, ka sani akwai 'yan'uwansa suna tafe.

Na san dabarun da ake yi. Wani ya liƙa sabulu, wani ya kwaɓa gam mai haɗi biyu, wani ya ɗora wuƙa a wuta ya narke robar. Sabulu yana iya kai ka gaɓa yau, amma ruwan gindin jirgi zai wanke shi gobe. Irin robar da ake yin tanki da ita kuwa gam ba ya kama ta, fenti ma ba ya zama a kanta. Facin zai yi kyau a ido, ranar da tanki ya kumbura a tsakiyar ruwa sai ya ɓalle.

Babban kashedi shi ne walda. Kada ka kai tankin fetur wurin mai walda, ko da ka juye shi ƙaf. Tankin da ba kowa a ciki ya fi cikakke haɗari, domin abin da ke fashewa tururin fetur ne da ya gauraya da iska, kuma yana maƙalewa a layin haɗi da cikin tsatsa bayan an juye man. Kuɗin sabon tanki bai kai idon mai walda ba.

GYARAN TANKIN ROBA

1. Kwance murfi da bututun zuƙo mai, da geji in akwai. Ajiye sukurori a gwangwani kada su ɓace.

2. Wanke ciki da ruwan ɗumi da omo, ka girgiza sosai, ka ɗauraye har sau uku.

3. Kifa shi ya tsane, sa'an nan ka bar shi a buɗe a inuwa mai iska kwana biyu. Kada ɗigon ruwa ya rage.

4. A ƙarshen bututun akwai 'yar rariya. Wanke ta da fetur mai tsabta da tsohon buroshin haƙori. In ta yage ka sake ta.

5. Sa sabon zoben murfi da sabuwar robar gindin bututu. Kada ka yanko tsohon tub ɗin babur ka sa, fetur yana narkar da shi, gutsattsarinsa su tafi kafireto.

6. Ɗaure sukurori da hannu, daidai wa daida. In ka matse da ƙarfi, zaren roba zai cinye.

7. Maimaita gwajin kumfa kafin ka sa shi a jirgi.

GYARAN TANKIN ƘARFE

1. Kwance kayansa, ka wanke shi da ruwan zafi da omo har warin mai ya ragu ƙwarai.

2. Zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ka jefa tsakuwa masu tsabta cikin hannu biyu. Toshe bakin, ka yi ta girgizawa kana juya shi ta kowane gefe. Kada ka girgiza tsakuwa a busasshen tanki, sai da ruwa a ciki. Juye, ka sake, har ruwan ya riƙa fita fari. Ka tabbata tsakuwa ba ta rage ba.

3. Shanya shi a rana a buɗe har ya bushe ƙayau. Da ya bushe, kada ka bar shi ya kwana haka, sabuwar tsatsa ba ta jira. Zuba ɗan fetur mai haɗe da man inji, ka juya shi ya shafi ko'ina, ka juye.

4. Goge bayansa da sanfefa da hannu. Ban da injin gurza ƙarfe, yana fid da tartsatsi.

5. Shafa jan fentin hana tsatsa, ya bushe, sa'an nan fentin mai shafi biyu. Ja za ka sa, domin kowa ya san fetur ne a ciki.

6. Ɗaura masa katako biyu a gindi ko ka yi masa ɗan dandamali, kada ya sake kwana cikin ruwan gindin jirgi.

TIYO DA FAMFO

Sau da yawa tanki lafiya yake, tiyo ne ke shan iska. Alamarsa, inji ya yi ta gudu yana sassautawa, in ka matsa famfo ya farfaɗo. Ka sayi tiyon da aka yi domin fetur. Farin tiyon ruwa na leburan gini yana taurara cikin 'yan watanni, ya saki baki. A jikin famfo akwai kibiya, tilas ta dubi inji. Ɗaure kowace mahaɗa da kilif, ban da waya ko tsumman roba. Kan tiyon da ke shiga inji kuma kowane kamfani da irin nasa: na Yamaha dabam, na Suzuki dabam, na Tohatsu dabam. Ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu.

IN ZA KA SAYI SABO

Ka nemi tankin da aka yi musamman domin injin jirgi: mai kauri, mai faɗin gindi, mai marfin da ke da hanyar iska, da wurin haɗa tiyo. A gindin yawancin tankunan roba akwai ɗan zagaye kamar agogo mai nuna shekara da watan da aka yi shi. Duba shi. Wanda ya shekara yana shan rana a ƙofar shago ya fara tsufa tun bai ga ruwa ba. Na hannu kuma, watau wanda aka yi aiki da shi a waje, ka yi masa duk gwajin da muka faɗa kafin ka biya.

Akwai waɗansu tankuna da ake yi domin kasuwar Amurka tun daga 2011, murfinsu yana shigar da iska da kansa amma ba ya fitar da tururi sai ya yi yawa. Irin waɗannan suna kumbura a rana ko da sababbi ne. In irinsa ka samu, ka riƙa zare tiyo daga inji duk lokacin da ka tsaya, don kada ya tura mai ya cika kafireto.

To, ga maganar jarka. Na sani da yawa jarkar man girki suke sa wa tiyo, su toshe bakin da tsumma. Araha ba ta ado. Jarkar nan siririya ce, tsaye take, igiyar ruwa kaɗan ta kayar da ita. Tsumman bakinta yana shan ruwa, yana fid da tururi. Tururin fetur kuwa ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a gindin jirgi, ƙarƙashin kaya da ƙafafun mutane, yana jiran guntun taba ko tartsatsin fulogi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da lita take ci. Lissafa abin da ke tsiyayewa da abin da ke bin iska a shekara, ka gwada da kuɗin tanki.

YADDA SABON ZAI DAƊE

1. Yi masa inuwa. Ɗan akwatin katako mai buɗaɗɗen gefe, ko guntun zana, ya isa. Kada ka naɗe shi ruf da leda, tururi yana son hanyar fita.

2. Ɗaure shi da igiya a wuri ɗaya. Kada a zauna a kai, kada a ɗora masa buhu.

3. In za a zuba mai, fito da shi daga jirgi ka ajiye a ƙasa. Kashe inji. Bakin mazurari ya taɓa bakin tanki har a gama, musamman da hunturu, lokacin da ko riga ka cire kana jin tana ƙyas-ƙyas. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya ta da wuta.

4. Kada ka cika shi fal. Tsaya a layin da aka zana, in babu layi ka bar kamar kashi ɗaya cikin goma, domin mai yana kumbura da zafi.

5. Tace mai da mazurari mai rariya, balle in na 'yan bumburutu ne.

6. Buɗe sukurun iska in inji zai yi aiki, rufe shi in za ka ɗauki tanki. In ka manta shi a rufe, inji zai yi ɗan gudu ya mutu, tankin ya motse.

7. In injinka mai haɗin mai ne, ka auna, kada ka yi da ka. Yawancinsu kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na man inji: lita 25 da rabin lita, lita 20 da mililita 400, lita 10 da mililita 200. Sabon inji yana son fiye da haka a kwanakin farko. Bi abin da littafin injinka ya ce. Fara zuba man injin da ɗan fetur, ka girgiza, sa'an nan ka cika.

8. Kada ka haɗa man da ya fi wanda za ka ƙone cikin wata guda.

9. Raba manka uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Inji mai ƙarfin doki 40 in an sake masa wuta duka yana shanye tankin lita 25 kafin awa ɗaya da rabi.

TSOHON TANKI DA TSOHON MAI

Kada ka zuba tsohon mai ko ruwan wankin tanki a kogi, ko kusa da rijiya, ko a gona. Kifin da za ka ci da ruwan da dabbobinka za su sha a nan suke. Lalataccen mai ka kai wa makaniki ya wanke kayan inji da shi. Ruwan wanki ka zuba a rami can kan tudu, nesa da ruwa, ka rufe.

Tsohon tanki kuma ba ya zama mazubin ruwan sha ko na dabbobi, domin roba tana riƙe fetur a jikinta. Wanke shi, bar shi a buɗe mako guda. Na roba ka yanka shi da wuƙa don kada wani ya tsinta ya sayar. Na ƙarfe ka ba masu sayen tsohon ƙarfe, ka gaya musu abin da ya ci.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Wutar fetur ba a kashe ta da ruwa, mai yana hawa kan ruwa ya bi shi ya bazu. Ajiye bokitin yashi da buhun algarara da za ka jiƙa ka rufa, in da hali ka sayi tukunyar kashe gobara mai gari. Kowa a jirgi ya sa rigar ruwa, kamar yadda Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ta umarta, kuma a bar tafiyar dare.

Kada ka zuƙi fetur da baki. In yaro ko babba ya haɗiye shi, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Abin tsoro shi ne man ya faɗa huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a kai shi asibiti nan da nan.

KA TUNA

Duba tanki sau biyu a shekara. Sake zobe da tiyo da famfo in sun gaji. Tanki mai tsaga ko rami, a sallame shi. Ban da walda, ban da jarkar man girki. Inuwa, igiya, da mazurari mai rariya.

In wani abu ya shige maka duhu, ka zo da tankinka wurin malamin gona na yankinku ko makanikin jirgi da ka amince da shi, ku duba tare. In kuna da ƙungiya, ku sa rana ɗaya kafin damina kowa ya fito da nasa bakin ruwa. Allah ya kai mu gaɓa lafiya, mu da kayanmu.